Kalmar da Ta Kawo Malam Gali Aji

Ranar wata Laraba, ana darasin Turanci a makarantar 'yan mata da ke Getso, Malama Anastasia ta rubuta kalma ɗaya a allo: meander. Malamar 'yar Filato ce, amma shekararta goma sha tara tana koyarwa a ƙasar Gwarzo, har Hausarta ta koma ta Kanawa sak. Ta juyo ta tambayi ko akwai wadda ta san ma'anar kalmar.

Jannat, wadda bakinta ba ya shiru, ta ɗaga hannu. "Malama, na gani a ƙamus, tafiya ce ba alƙibla. Gantali ke nan, irin na baban Sa'ada."

Aji ya kwashe da dariya. Sa'ada ta sunkuyar da kai, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba yau ta fara jin wannan magana ba. Mahaifinta, Malam Gali, da zarar an gama girbi sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya shiga ƙauyuka, ba ya saye, ba ya sayarwa, ya dawo da yamma aljihu cike da ƙulle-ƙullen tsumma. Ita kanta ba ta taɓa tambayarsa me yake nema ba.

Malama ta buga tebur. "Jannat, kin kawo rabin ma'ana, kin cika sauran da rashin kunya. Ki same ni bayan an tashi."

Daga nan ta yi musu bayani a tsanake. Ta ce asalin kalmar sunan wani kogi ne a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, kogin da ba ya miƙewa, sai lanƙwasa kamar maciji. Girkawan dā suka san shi da wannan hali, sunansa ya bi bakin mutane har ya shiga Turanci. Da farko kogi ko hanya mai kwana-kwana ake faɗa wa haka. Daga baya aka riƙa faɗa wa mutumin da ke tafe ba gaggawa, yana ratsewa nan da can, har ma da mai maganar da ke sakin zance ya kama wani.

"Ba zagi ba ce," in ji ta. "Aikin gida: kowacce ta tambayi manyan gidansu kalmomin Hausa na yawo, da bambancinsu. Ni ma so nake na ƙaru."

Sa'ada ta kwana biyu tana juya abin a ranta. Ranar Asabar da safe ta tarar da mahaifinta yana duba man babur, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa aikin da aka ba su. Ta ɓoye zancen dariyar.

Ya dube ta ya yi murmushi. "Sa hijabinki. A hanya zan faɗa miki."

Suka nufi ƙasar Kabo. A Durun ya tsaya gidan wata tsohuwa, Inna Zubaidatu. Bayan doguwar gaisuwa ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙo, ciki da wani jan wake mai ɗigo-ɗigo da Sa'ada ba ta taɓa gani ba.

"Na kakata ne," in ji tsohuwar. "Yaran yanzu sun ce ba ya saurin nuna. Idan na mutu ya mutu."

Malam Gali ya karɓa hannu biyu, ya ƙulle a tsumma, ya tambaye ta lokacin shukarsa da irin ƙasar da yake so. A Gammo kuwa shi ya bayar. Wani manomi da gara ta cinye masa iri shekara uku da suka wuce ya karɓi tafi biyu na gajeriyar dawar da mahaifinsa ke shukawa, wadda Malam Gali ya adana cikin toka. Mutumin ya daɗe yana murza ƙwayoyin a tafin hannunsa, sannan ya shiga zuba addu'a.

A hanyar dawowa, iska na kaɗa maganarsa, ya riƙa lissafa mata kalmomin, ita kuma tana haddacewa.

Ranar Litinin Malama ta karanta takardar Sa'ada sau biyu, ta ce, "Wa ya faɗa miki waɗannan?"

"Babana."

"Ki roƙar min shi ya zo."

Ya zo ranar Alhamis da farar rigarsa ta Juma'a, da buhun kwalabe. Malama ta ba shi kujerarta, ita ta koma benci cikin ɗalibai da biro a hannu.

"Yawo dai yawo ne, ba laifi ba yabo," ya ce. "Mai gantali ba shi da abin yi. Mai gararamba bai san inda ya dosa ba. Mai watangaririya kuwa wahala ce ke juya shi. Shawagi na shaho ne, yana kewaye amma idonsa na kan abu."

"To, Malam, wannan ta Turancin fa, wacce ce a ciki?" Malama ta tambaya, ta ba shi labarin kogin.

Ya shafa gemu. "Ban ga tata ba, Malama. Kogi gangare yake bi, ba shi ya zaɓa ba. Amma kalma ce mai kyau. Maimaita min."

Ta maimaita, ya gwada sau uku, 'yan mata na dariya, shi ma yana yi. Sannan ya jera kwalabensa a tebur, iri talatin da ɗaya, kowanne ya faɗi sunansa da garin da ya samo shi. Aka kaɗa ƙararrawar tara, ba wadda ta motsa.

Da damina ta faɗi, shugabar makaranta ta ba 'yan ajin fili bayan ɗakin gwaje-gwaje. Suka shuka iri bakwai daga kwalaben Malam Gali, Sa'ada ta rubuta sunayen a kan guntayen katako. Awaki suka ɓalle shinge suka cinye kunya biyu. Sauran biyar suka yi kyau, har da jan waken Inna Zubaidatu, wanda bai nuna ba sai da aka dawo hutu.