Safayar Don Evaristo

Da zagi a bakinta Nelida ta fito, don karen maƙwabcinta ya fi minti goma yana haushi a lokacin da duk mai hankali a garin ya kwanta barcin rana. Tana leƙawa ta saman shingen waya sai zagin ya maƙale. Kasiyar tsohon maƙwabcin nata, ɗakin nan na ƙarfe mai taya da ya shekara arba'in yana ja a bayan injin girbi, ta durƙushe ta gefe guda. Ƙafafu biyu cikin takalman roba sun leƙo daga ƙarƙashinta.

Ba ta san yadda ta tsallake shingen ba, ita da gwiwa ke hana ta hawa matakalar coci. Ta zube cikin taɓo ta cusa kai.

"Don Evaristo?"

"Sannu da zuwa, maƙwabciya." Muryar a shaƙe ta fito. "Ki yi haƙuri ban tashi na ba ki kujera ba."

Ƙarfen gindin kasiyar na kwance a kan ƙirjinsa. Abin da ya hana shi sauka gaba ɗaya safayar taya ce, wadda ta zame daga kejinta ta tokare a karkace tsakanin ƙarfen da ƙasa. Ita ma huci take yi, siririn sauti mara yankewa.

"Ɗora yatsa a kan bawul ɗin tayar, inda iskar ke fita," ya ce. "Danne sosai."

Ta laluba ta danne da babban yatsa. Hucin ya tsaya.

Duk wanda ya taɓa bin girbi ya san wannan aiki. In an gama waken suya, sanyi ya ƙarato, sai a ɗora kasiya a kan bulo, a kwance tayoyi a kai sito. Safayar da ke rataye a ƙasa ita ce mai gardama, don taɓon hanya yakan bushe ya kama ta a keji, sai an zare ɗan ƙarfen cikin bawul iska ta fita, ta saki jiki, sannan ta zamo. Shekara shida rabon kasiyar Don Evaristo da titi, tun da ido ya hana shi tuƙi. Amma sabo turken wawa. Duk bazara sai ya mayar mata da tayoyinta, duk kaka ya kwance, kamar gobe wani zai kira shi gona. Bana kuwa an kwana uku ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, bulon ya nutse yana ƙarƙashi.

"Ina ɗan ƙarfen da ka zare?"

"A leɓena na riƙe shi. Da ta faɗo, ko na tofar ko na haɗiye, ban sani ba."

"Jak fa?"

"Kasiyar na kansa. Ya shige ƙasa."

Nelida ta juya kai ta kwarara ihu, ta kira sunan duk wanda ta sani. Garin tsit. Ban da nata da na tsohon, gida uku ne a layin, biyu a kulle, masu su na can arewa wurin girbin masara, na ukun kuma na Doña Eulogia ne, wadda ko ƙararrawar coci ba ta ji. Wayar tarho kuwa tun da guguwar shekaranjiya ta kayar da turakun wuta ta zama abin ado. Karen ne kaɗai ke amsa mata.

Ta cire fil ɗin gashinta da hannu ɗaya, ta naɗa masa zaren da ta yago daga gefen riga, ta ce bari ta toshe. Tana ɗaga yatsa iska ta tunkuɗe fil ɗin. Kasiyar ta yi ƙara ta sauko kaɗan, kaɗan ƙwarai, amma nishin da tsohon ya yi sai da ya tayar mata da tsigar jiki. Ta yi maza ta mayar da yatsa.

"Kar ki sake," ya ce, bayan ya samu numfashi. "Ke dai ɗinki ma ba ki iya ba."

"Rufe min baki, tsoho. Wa ya aike ka? Ɗakin da ko kaza ba ta kwana a ciki."

"Roba ba ta son sanyi."

"Kai kana so ke nan."

Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da mijinta ya faɗi a bakin tebur. Wancan karon babu abin da ke hannunta, yau kuwa ran mutum sukutum ne a ƙarƙashin yatsanta, yatsan kuma ya fara mutuwa. Sanyin taɓo ya ratsa cikinta, kafaɗarta na zogi. Tana jin iska na satar hanya ta gefen farce.

Mutum ɗaya ne zai iya ɗaga kasiyar, Telmo makanike, mai taraktar da ke da cokalin ɗaga kaya a gaba. Gidansa na bayan tsohuwar tashar jirgi, layi biyar daga nan. In ta zauna babu mai zuwa, in ta tashi iska ta ƙare kafin ta kai kwanar layin. Gaba kura, baya sayaki. Ta fara addu'a a fili, tana haɗa farko da ƙarshe.

"Nelida." Shekara talatin suna maƙwabtaka bai taɓa kiran sunanta haka tsirara ba. "Jawo hannuna na hagu. Zai kai."

"Ba ka da ƙarfi."

"Hannun da ya riƙe sitiyari shekara arba'in? Jawo."

Ta miƙa ɗaya hannun ta kamo nasa. Sanyi ƙalau. Ta ja shi a hankali har bakin tayar, ta zame yatsanta, ya maye gurbin da nasa. Iska ta yi tsaki sau ɗaya ta yi shiru. Tana gani ya murɗa hannun ya cusa shi tsakanin bawul da bakin ƙarfen tayar, har fata ta yage.

"Rantse ba za ka saki ba."

"Je ki dai. In kin dawo ki ɗora mana ruwan shayin mate." Ya ja numfashi guntu. "Lemun tsamin nan naki da kike cewa yara ke sacewa, ni ne."

"Na sani, tsohon ɓarawo. Ka jira ni."

Gudu ta yi, in ana kiran wannan gudu. Taɓo ya cire mata takalmi ɗaya a gaban kantin burodi, ba ta waiwaya ba. Ta faɗi a kan layin dogo, ta tashi. Da hannu biyu ta riƙa dukan ƙofar Telmo har ya fito da singileti, ido jawur.

"Doña, gobara ce?"

"Kasiya ta danne Evaristo. Tarakta, Telmo, don Allah tarakta."

Nan take ya tayar da taraktar. Ta maƙale a bayan kujerarsa, duk ramin da suka faɗa sai ta ce masa ya ƙara wuta. Mutum uku da ƙarar ta tasa daga barci suka biyo su a ƙafa.

Tun daga ƙofa ta kasa kunne. Babu huci. Kasiyar na nan daidai inda ta bar ta, ba ta ƙara sauka ba. Daɗi ya kama ta har ta yi dariya.

"Ya riƙe," ta ce. "Kun gani, ya riƙe. Evaristo, ga mu nan."

Telmo ya zura cokalin taraktar a ƙarƙashin ƙarfen ya ɗaga, sauran suka tura gungumen itace. Shi ya fara rarrafawa ciki. Ya ɗan jima, sannan ya fito da baya, ya zauna a taɓo, ya cire hularsa.

"Jawo shi mana," in ji Nelida. "Me kake jira?"

"Doña, a cikin jikinsa jinin ya zuba. Ya ɗan jima da tafiya."

Ba ta yarda ba sai da ta shiga da kanta. Idonsa a buɗe, yana kallon kejin safayar. Hannun na nan inda ya cusa shi, yatsan a kan bawul. Ta kira shi sau biyu, ta biyun da ƙyar ita ma ta ji kanta. Sai da ta sa hannu biyu ta zare nasa daga bakin ƙarfen, ta riƙe shi a ƙirjinta.

Iskar ta fara fita a hankali. Mazan na tsaye da hulunansu a hannu, babu wanda ya motsa har ta ƙare.