Makon da Koci Bernadine Ta Juya Baya

Shekara arba'in da ɗaya Cleophus Rainey ya yi yana goge daɓen filin ƙwallon kwando na kwalejin. Bai taɓa zama a aji ba, amma koci bakwai suka zo suka tafi a gabansa, guguwa ta kwashe masa rufi sau biyu, zuciyarsa ta tsaya sau ɗaya ta ga ba riba ta ci gaba. Dokar wasanni kuwa, ko masu rubuta ta ba su kai shi sani ba.

Kakar wasanni ta ƙare, jarrabawa saura mako guda. A irin wannan mako ɗalibi na iya motsa jiki don kansa, amma koci ba ta da ikon kallo, ba ta da ikon tambaya. In ta leƙa, a rage wa dukan 'yan wasanta kwanakin atisaye.

Ranar Talata da hantsi sai ga Shalonda Pickens, 'yar wasan Koci Bernadine, da ƙwallo a hammata. Wata takwas ke nan da aka yi mata aiki a gwiwa, yau za ta fara gwada tsalle. Ofishin Koci Bernadine kuwa tagarsa filin take kallo.

Cleophus ya shiga ofishin da soyayyen kifi da burodin masara, ya juya kujerar koci ta fuskanci bango.

"Zauna, ki ci."

"Mista Cleo, ni na kai yarinyar nan asibiti. Leƙe ɗaya fa."

"Leƙe ɗayan ne ya ci tsohon kocinmu Dupree kwana goma na atisaye, ina tsaye. Kuma ya fi ki wayo."

"Tsoho, ka cika baki."

"Na cika shi da gaskiya. Ci kifi."

Ta ɗauka, ba ta kai baki ba. Ta bango suna jin ƙwallo tana dukan daɓe, takalmi yana ƙiiƙ, ƙiiƙ. Gudu ya ƙaru. Sai tim! Abu mai nauyi ya faɗi, ƙwallo ta gangara ita kaɗai.

Bernadine ta miƙe. Cleophus ya riga ta bakin ƙofa, ya baje kafaɗu.

"Matsa!"

"Ni zan duba. In ana bukatar likita, da gudu zan kira, har yanzu na fi rabin yaranki sauri."

Ya leƙa. Shalonda na zaune a ƙasa tana taɓa gwiwar. Ta lanƙwasa ta, ta miƙar da ita, ta ɗago ta gan shi, ta yi masa gwalo.

Ya dawo ya zauna, fuska ba labari.

"To?"

"Ba ki tambaya ba, ban ji ba."

Suka kasa kunne. Can ƙwallo ta soma dukan daɓe, takalmi ya ɗauki gudu, aka yi tsalle, aka dira da ƙafa biyu, daram.

Bernadine ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Da ta sauke hannun, ta jawo farantin gabanta, ta gutsuri kifin ta kai baki.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce.