Haƙarƙarin Mai Tikiti

"Nuna mini yadda kake zama a wurin aiki," in ji likitar, ta tura masa kujera jikin teburinta.

Mai Tikiti ya yi mata kallon mamaki. Wata huɗu ke nan haƙarƙarinsa na dama yana sukarsa kamar tsinke duk lokacin da ya ja dogon numfashi. An ɗauki hoton ƙirji, an auna zuciya, an ce komai lafiya lau, yanzu kuma sai wasan kwaikwayo? Ya dai zauna. Jikin ya riga ya san hanya: ya murɗe ƙugu, ya sauke kafaɗa, ya danna haƙarƙarin a bakin tebur, ya miƙa kunnen hagu gaba.

"Awa nawa kake yi a haka?"

"Tara. In fasinja sun yi yawa, goma."

"Haba Baba! Ai ko ƙarfe ne sai ya yi ƙara. Me ya sa sai ka juyo da hagu?"

Sai ya faɗa mata gaskiya. Shekara shida da suka wuce wani zazzaɓi ya tafi masa da kunnen dama. A tagar da yake sayar da tikitin mota a tasha, ramin da fasinja ke magana ta cikin gilashi yana gefensa na dama, don haka sai ya murɗe ya kai masa kunnen da ke ji. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tsoro yake ji. Bara kamfanin ya sallami wani direba saboda ido, shi kuwa saura shekara uku ya yi ritaya, ga 'yan mata biyu a makaranta.

"Magani zai rage zafin, ba zai raba ka da shi ba," in ji likitar tana rubutu. "Ko a sauya maka taga, ko ka yi ta zuwa muna gaisawa. Kai wa manajanku wannan."

Ya koma aiki da takardar a aljihu. Sau biyu yana fito da ita zai yayyaga, yana mayarwa. Wajen la'asar wata tsohuwa ta tambayi motar ƙarfe biyar da muryarta ƙasa-ƙasa, ya murɗe zai ji ta, ciwon ya soke shi har biro ya faɗi daga hannunsa. Ya rufe tagar, ya nufi ofis.

Manajan, wanda a haife Mai Tikiti ya haife shi, ya taso daga kujerarsa ya karɓi takardar ya karanta.

"Yallaɓai, akwai abin da na ɓoye muku," in ji Mai Tikiti. "Kunnena na dama..."

"Kunnen? Baba, ai har masu shara sun sani. Ranar da na kama aiki shi aka fara faɗa mini: in za ka yi wa Baba magana, ka zagaya ta hagunsa."

Mai Tikiti ya duba. Ta hagunsa manajan yake tsaye.

"To me ya hana a sauya mini taga?"

"Mun so wallahi. Taga ta ɗaya raminta a hagu yake. Sai aka ce in an taɓo maganar za ka ji nauyi, gara a rufa maka asiri." Ya sa hannu a takardar. "Gobe ka koma can."

Ya ce ya gode. Kunya ce ta fi yawa, sai ɗan haushi da ya rasa wanda zai sauke wa. Ya fito dafe da haƙarƙari, ya bi ta tsakanin motoci yana amsa gaisuwar direbobi. Sai da ya kai bakin titi ya ja ya tsaya. Ya tuna matarsa, wadda ita ma bai taɓa faɗa mata ba, da gefen da take zama kullum in ta ajiye masa abinci.