Gaɓar da Aka Binne Tsirara

Mahaifin Ƙasimu ya sha wuya kafin ya cika. Kwana tara yana kwance a Gyadi-Gyadi, magana ɗaya yake nanatawa: "Mun binne gaɓa ɗaya tsirara." Dangi suka ce zafin ciwo ne. Ƙasimu kuwa ya gane sarai, don shi ma ɗan sana'ar ne. Tsohon ya yi aiki a kamfanin da ya shimfiɗa bututun man fetur, shi ke shafe mahaɗar ƙarfe da kwalta kafin a rufe, don kada tsatsa ta ci. Wata rana kwalta ta ƙare, shugaban aiki yana ta azalzala, sai suka tura ƙasa haka nan. Shekara arba'in ke nan, kuma yanzu gidaje sun hau kan layin.

Sai ga shi an tura Ƙasimu auna lafiyar bututun. Aikin ba wuya: ka jiƙa ƙasa, ka kafa sanduna biyu, ka duba allurar na'ura. Inda ƙarfe ya tsiraita, sai allura ta zabura. Amma duk lokacin da ya tsiyaya ruwan nan, kabarin tsohon yake gani ranar da suka yayyafa masa ruwa.

Rana ta uku da hantsi, bayan wani shagon ɗinki a Tarauni, allura ta zabura. Aka haƙa. Ga gaɓar nan, ja jawur, tana ɓarɓashi, warin mai yana tasowa.

Hajiya Nafisa mai shagon ta leƙo. "Injiniya, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Hajiya. Mun same ta."

Ya tsuguna bakin ramin ya yi wa mahaifinsa addu'a, yana kuka bai damu da masu kallo ba. Rabonsa da jin sauƙi irin wannan tun ranar jana'iza.

Ya kwashi sandunansa don ƙarasa aikin yini. Taku goma sha biyar, tsawon bututu ɗaya, allura ta sake zabura. Kai, na'ura ce ke shirme! Ya canja batir, ya ƙara ruwa. Ta zabura. Wani taku goma sha biyar, haka. Ashe ba gaɓa ɗaya ba ce. Ya ɗaga kai, ya ga layin ya miƙe ɗoɗar ta ƙarƙashin gidaje har katangar wata Islamiyya, yara suna ta rera karatu.

"Haba, Baba," ya ce a hankali. Ya ɗaga sandar zai ci gaba, sai ya tsaya yana kallon katangar.