Kwana Huɗu Ba Nono

Hamsatu ta sauka daga motar Birnin Lalle da ƙullin busasshiyar kuɓewa a kai, ta nufi gidan ɗanta Rashidu a Dakoro. Jikarta Balkisu ta zo gani, wadda ta cika wata biyu. Fiye da shekara ashirin Hamsatu tana karɓar haihuwa a garinsu, har sau uku ana kiranta horo a gidan likita, saboda haka tun daga zaure ta gane irin kukan da take ji. Kukan yunwa ne, na jaririn da ya gaji.

Ta tarar da yarinyar a hannun wata maƙwabciya, ana tura mata bibiro, kwalbar shayar da jarirai, a baki tana kawar da kai. Uwar kuwa, Munira, tana ɗaki an rufe mata ƙofa. Hamsatu ta same ta zaune a tabarma, hanci ya toshe, murya ta dishe, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono.

Munira tana tari tana ba ta labari. Kwana huɗu ke nan da mura ta kama ta da zazzaɓi. Rashidu, wanda ke gyaran salula a bakin kasuwa, ya ji saƙon muryar wani mai kiran kansa dokta, yana cewa uwa mai mura in ta ba da nono, cutar take ɗura wa ɗanta. A ranar ya sayo madarar gwangwani da bibiro, ya ce kada ta taɓa yarinyar sai ta warke. Ta roƙe shi har da kuka, ya ce ba ta yi lakwal ba, ba ta san boko ba, ba za ta gane ba. Tun jiya Balkisu take zawo, yau kuma ta tashi da atishawa.

Hamsatu ta ɗebo ruwa. Ta sa Munira ta wanke hannu da sabulu, ta ɗaura mata kallabi a hanci da baki. Nonon ya kumbura ya yi tauri har yarinyar ta kasa kamawa, sai da aka gasa shi da ruwan ɗumi aka tatse kaɗan. Da Balkisu ta kama, ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyarta. Hamsatu ta ce wa maƙwabciyar ta kira mata mai gidan a waya.

Rashidu ɗan farinta ne, ba ta taɓa faɗar sunansa ba tun da aka raɗa masa shi. Ya shigo da fara'a zai durƙusa ya gaishe ta, sai ya hango abin da ke faruwa a ɗaki, fuskarsa ta canza.

"Inna, ai ba ta warke ba."

"Rashidu," in ji ta, a tsakar gida, a gaban maƙwabciya. Ya tsaya cak. "Wa ya ba ka ikon raba ɗiya da nonon uwarta?"

Ya fara bayani, yana laluben salula a aljihu don ya kunna mata saƙon. Ta ce in ya fiddo ta, cikin randa za ta jefa ta. Ta tambaye shi ko mutumin nan ya taɓa ganin Munira, ko ya san nauyin Balkisu, ko ma an san garinsu. Ta tambaye shi da wane ruwa aka dama madarar, sau nawa aka dafa kwalbar. Bai san ko ɗaya ba. Ta ce masa shekarar da yake goye ta yi murar da ta kwantar da ita mako guda, tana kwance take ba shi nono, ga shi tsaye ƙato yana koya mata reno.

Duk da haka ya ce shi dai likita ya ji. Ta ce to a je wurin likitan da ke da fuska.

A gidan likita suka sami Madam Zalika, ungozomar da ke duba masu jego. Ta buɗe ƙirjin Balkisu ta ƙirga numfashinta, ta duba maɗigarta da bakinta. Ta ce murar ba ta sauka ƙirji ba, zawon ne ya fi damunta, kuma daga kwalbar ya fito. Sannan ta juya wajen Rashidu, ba ta ɓoye ɓacin ranta ba.

Ta ce masa kafin Munira ta yi atishawar farko, ƙwayar ta riga ta isa ga yarinyar, tun da gado ɗaya suke kwana. Jikin babba, in ƙwayar mura ta shige shi, ba ya zama. Majina tana kama ta, tari yana fitar da ita, zazzaɓi yana hana ta yaɗuwa, cikin 'yan kwanaki kuma jiki ya haɗa garkuwar da ta dace da wannan ƙwayar daidai. Jikin jaririya 'yar wata biyu bai ƙware a wannan aikin ba tukuna. Abin da jikin uwa ya haɗa shi ke gangarowa cikin nono, ya shafe maƙogwaron yarinya da hanjinta.

"Cutar ka bar mata," in ji ta, "kariyar ka ɗauke."

Rashidu ya sunkuyar da kai. Can ya tambaya, a hankali, ko za a yi wa yarinyar allura. Madam Zalika ta ce ba allurar da ke kashe ƙwayar mura. A ba ta nono duk sanda ta nema, a share mata hanci, ta kuma ba su maganin zawo. In numfashi ya yi sauri, ko haƙarƙari na shiga ciki, ko jiki ya yi zafi, ko ta ƙi kama nono, a dawo da ita ko da wane lokaci ne. Da ta duba Munira sai ta ga nonon hagu ya yi ja yana zafi, ta rubuta mata magani.

A hanyar gida Hamsatu ta tambaye shi mutum nawa ya tura wa saƙon. Ya ce bai ƙirga ba. Ta ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da bakinsa, ya fara da masu mata masu goyo.

Kwana tara ta yi a Dakoro maimakon biyu. Zawon ya tsaya a rana ta uku, majinar ta ɗauki mako. Nonon hagu ya daɗe yana ciwo, duk sanda yarinyar ta kama shi sai Munira ta cije leɓe, hawaye na zuba. In Rashidu ya yi mata sannu, sai ta juya fuska bango.

Ranar komawa ya ɗauki jakar uwarsa ya raka ta tasha. Ya ce ta yafe masa. Ta shiga mota ta gyara zama, sannan ta ce ba ita ya yi wa ba, ya koma gida ya nemi wadda ya rufe a ɗaki.