Daɓen filin Haliru

Haliru shi ne autana, kuma cikin 'ya'yana shi kaɗai ya ci abinci da wasa. Shekara goma sha bakwai ya yi a Kaduna, a kulob ɗin Turawa, ana biyansa don ya buga tanis da su. Wasan nan ne da ake ɗaura raga a tsakiyar fili, mutum biyu su riƙe wani abu kamar matankaɗi mai mariƙi, raket suke ce masa, suna mayar wa juna ƙwallo ɗan ƙarami kamar lemu. Har Ikko aka kai shi, ya kayar da wani Bature zanƙalele, ya dawo da kofin azurfa. Kofin yana nan, kanwa nake zubawa a ciki.

Shekara uku bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, gwiwarsa ta dama ta ƙi. Turawa kuwa ba sa ajiye gurgun doki. Ya dawo Kontagora da akwati ɗaya da raket huɗu, ya zauna a zaure yana shafa musu mai kamar mai jinya. Ba a yi wata biyu ba takarda ta zo daga Jos, wai wani kanti na neman mai gadi. Ya ce zai tafi. Ni kuwa na riga na ba Kaduna shekara goma sha bakwai, ban yi niyyar ƙara wa Jos ko kwana ɗaya ba.

Ana haka sai ga Andarawus, akawun En'e, wato hukumar gargajiya, shi ne shugaban kulob ɗin ma'aikata, su akawuna da malaman makaranta da na asibiti. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya faɗa wa Haliru cewa mutanensa suna son koyon wasan, amma filin Bariki na Turawa ne, ba a barin baƙar fata. Akwai sarari a bayan kulob ɗinsu. In Haliru ya mai da shi filin tanis kafin ruwan farko, za su ɗauke shi malamin wasa. In damina ta faɗi babu fili, magana ta mutu, kowa zai koma gonarsa. Siminti kuwa tun yaƙi ba a ganinsa sai a ginin gwamnati.

Haliru ya samo lebura shida, suka zuba jar ƙasa, suka cika gangar mai da duwatsu suna mirginawa. Kwana uku ƙasa ta tsattsage kamar faso. Suka sake, ta sake. Ran nan na ga ya fito da takardar Jos yana juya ta, sai na ce ya kai ni in ga filin. Na duƙa, na murza ƙasar a hannu, na ce masa wannan ai ba aikin maza ba ne, daɓe ne. Wa ya taɓa yin daɓe ba ƙasar suri, ba makuba?

Daɓe kuwa biki ne. Kin yi wa wata, za ta yi miki. Ni shekara arba'in babu ɗakin amaryar da aka daɓe a unguwarmu ba da madaɓina ba, kuma nawa 'ya'yan duk maza ne, sau biyu kacal na taɓa kiran mata. Ban iya karatu ba, amma na san kowane ɗaki, na san wadda na yi wa wuni guda, na san wadda na yi wa kwana uku da ciwon baya. Na yafa zane na bi gida gida. Ban roƙi kowa ba. In na shiga sai in dubi ƙasan ɗaki in ce, ashe daɓen nan har yanzu bai fashe ba. Mai ɗaki ta gane.

Mazajen suka ce matansu ba za su yi aiki a sarari ana kallonsu ba. Na ce gaskiyarku. Na sa Haliru ya kewaye wurin da zana mai tsawo, kamar gida. Sharaɗi ɗaya, namiji ba ya shiga sai an gama, har shi mai filin. Ya kafa mana turaku da igiya, ya ce abin da yake so kawai shi ne wuri sumul, ba tudu ba kwari.

Mata talatin da huɗu suka zo. Shugabar aiki Ruka ce, taubashiyata, wadda tun muna 'yan mata ba mu gaisa ba tare da ta zage ni na rama ba. A daɓe kuwa duk garin nan babu na biyunta. Lokacin ɗorawa ne, ɓawonta ko'ina, muka jiƙa shi a randuna har ruwan ya yi baƙi, makuba ke nan. Aka farfasa suri, aka tankaɗe, aka shimfiɗa. Muka jeru a gwiwa, madaɓai na sauka tare, ana waƙa, ana yayyafa makuba. Kwana biyar. Ran na shida Ruka ta ce ɗan da ya kayar da Bature ba a yi masa daɓen talaka, ta sa kowa ta ɗauko dutsen gugarta. Muka goge filin nan kaf, har ya yi sheƙi kamar bayan ƙwarya, kina ganin inuwarki a ciki.

Haliru ya shigo, mata suka yi guɗa. Ya yi godiya, ya raba goro, ya gode wa Ruka sau uku. Amma ni na haife shi, na ga fuskarsa ba ta saki ba. Da mata suka watse na tsaya bakin zana. Ya jefa ƙwallo a ƙasa, ƙwallo ya sulale kamar kifi, bai tashi ba. Ya ɗan taka da sauri zai bi shi, ƙafa ta zame, ya faɗi a kan mugunyar gwiwar.

Ya tashi zaune, ya dafe gwiwar. Sannan ya ce, "Inna, daɓe ya yi kyau. Amma duk wanda ya yi gudu a nan sai ya karye."

Saura kwana huɗu Andarawus ya kawo mutanensa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kullum da la'asar. Na tambayi Haliru me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce bai san ana goge daɓe ba, shi da ya bar gida tun bai yi gemu ba. Kuma ba zai iya duban tsofaffin nan ya ce wahalarsu ta ɓaci ba, gara ya tafi Jos.

Ni kuma ga inda na tsaya. Duk wadda ke riƙe da daɓena ta biya. Babu ƙofar da zan shiga in dubi ƙasa. In zan kira su kuma, roƙo ne, ni da ban taɓa kwana da nauyin kowa a kaina ba. Sannan dole in dubi Ruka ido da ido in ce aikinta bai yi ba.

Na je. Na same ta tana tsince gyaɗa, na zauna, na yi ta kewaye kewaye har ta gaji ta ce in faɗi abin da ya kawo ni, tun da ni ba na ziyara a banza. Na faɗa. Ta ajiye faifai, ta dube ni, ta yi dariya har da hawaye.

"Inno, ashe ke ma kina da ranar durƙuso. To ke da tsufanki ba ki tambaye shi ba, kwanciya za a yi a wurin ko gudu? Ai daɓen bakin rijiya yake so, mun yi masa na ɗakin amarya."

Gaskiyarta. Bakin rijiya da makewayi ba a goge su, yashi ake bugawa a ciki don kada tsohuwa ta zame. Na sani sarai, son a yaba ɗana ne ya rufe mini ido. Na ce to me zan biya ta da shi. Ta ce za ta faɗa in ta ga dama, in zauna da nauyin tukuna in ji yadda mutane suke ji.

Ita ta bi gidajen, ba ni ba. Abin da ban zata ba, har waɗanda ban taɓa yi wa komai ba suka zo, da matan Kambari biyar masu kawo itace kasuwa, wai su ga ɗakin da ba shi da rufi. Jakuna suka kawo yashi daga kogi. Muka jiƙa filin, muka karce fuskarsa, muka watsa yashi, muka buge shi ciki. Wannan karon Ruka ta sa Haliru ya tsaya bayan zana yana jefo ƙwallo ta sama, yana sauraren ƙararsa. In ya ce a ƙara yashi, ta ce da shi ɗan nema, uwarsa ce ta haƙa kogin? Amma ta ƙara.

Ran da Andarawus ya zo da mutum tara cikin fararen gajerun wanduna, Haliru ya zana layi da farar ƙasa, ya ɗaura raga. Ya tsaya wuri ɗaya da kwandon ƙwallo, ko taku uku bai yi ba, amma sai da ya sa akawunan nan gudu har harshensu ya fito. Ƙwallo na tashi daidai ƙugu. Wanda ya kauce kuma zana ta tare shi, Andarawus yana ta yabon dabarar Haliru ta kewaye fili. Kafin su tashi ya ce Malam Haliru ya fara ran Litinin. Kwana biyu bayan nan aka yi ruwan farko, daɓe ya sha, bai fashe ba.

Takardar Jos da ita na kunna wuta. Damina ta uku, wani malamin makaranta cikin almajiransa na farko, Gidaɗo, ya je Kaduna ya kai wasan ƙarshe. Haliru bai je ba, yana nan yana gyara wa wasu riƙon raket.

Ruka kuwa sai da ta bar ni wata biyar ina jira. Wata safiya ta aiko in zo fili, in zo da ɗana. Ta ce abin da take so, a ba ta matankaɗin nan ta buga sau ɗaya, ni kuma in tsinto mata ƙwallon. Haliru ya nuna mata riƙo, ta ture hannunsa, ta kama raket da hannu biyu kamar madaɓi. Ya jefo mata a hankali. Ta maka shi ya tsallake raga, ya tsallake zana, ya faɗa gonar rogon wani. Na tattare zane na bi shi, tana bayana tana cewa in yi sauri, ba ta da wuni.