Idon Yalwa Mai Fura

Shekara goma sha ɗaya Yalwa tana dama fura a kasuwar Guci. Tun tana budurwa, in ta yi azumi ko ta jigata da aiki, farin idonta kan yi rawaya-rawaya, bayan kwana biyu ya washe. Bana, tana ramuwar azumi cikin bazara, wata mata ta ƙura mata ido ta ce, "Ai shawara gare ki!" Kafin azahar magana ta zaga kasuwa. Kasuwa uku a jere tana komawa gida da furarta.

Innarta ta haɗo jiƙon saiwoyi. Yalwa ta ture ƙwaryar.

"Inna, ba zan sha maganin cutar da ban san sunanta ba."

Washegari ta hau kabu-kabu zuwa asibitin Magarya. Aka ɗebi jininta, aka ce ta dawo jibi. Ta dawo, takarda ba ta fito ba. Ta sake dawowa.

A zuwa na uku wata likita mai suna Rahina ta zaunar da ita.

"Mun duba ciwon hanta mai yaɗuwa, ba ki da shi. Hantarki lafiya lau. Akwai wani abu mai launin rawaya da jiki ke fitarwa in jini ya tsufa, sunansa bilirubin. Naki ya ɗan fi na mutane yawa, haka aka haife ki. Wani rawayan ido cuta ce babba, gara da kika zo. Naki ba shi ba ne."

"Ba zai ci mini hanta ba?"

"A'a. Masu bincike ma suna ganin ɗan kaɗan ɗinsa yana taimakawa wajen kare ƙwayoyin hanta daga lalacewa."

Yalwa ta ce, "To rubuta mini, likita. Ki buga hatimi."

Ranar kasuwa ta sami Malam Muttaƙa, malamin lakwal, wato makarantar boko, ta roƙe shi ya karanta takardar da ƙarfi a bakin rumfarta, ya fassara da Hausa. Da ya gama sai ya ce ta dama masa, ya shanye a tsaye.

Mutum huɗu suka saya ranar. Matar da ta fara maganar ta wuce ba sallama. Yalwa ta biya wajen masu hatsi, ta auni geron kasuwa mai zuwa, har da ƙarin tiya ɗaya.